Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Daren da Waya Ta Cinye Hirar Babana

Da aka ce ni ne da maƙalar wannan karon, na so in yi magana a kan gina taurarin labari, tunda shi aka fi tambaya a zauren nan. Sai na tuna yadda kusan kullum sai wani ya shigo yana kukan rubutunsa ya ɓace a waya. A yi ta ba shi haƙuri, wani ya ce wayar ce ta tsufa, wata ta ce kambun baka ne, a wuce wurin. Ni ma abin ya taɓa cina, kuma abin da ya ci mini ba ya mayuwa. Don haka yau hirar inji za mu yi, ku yi haƙuri da ni.

Ni malamin firamare ne a Sharabi, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, can wajen iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mahaifina falke ne. Tun yana saurayi yake bin hanyar Tsamiya ya tsallaka Segbana, ya wuce Kandi, wani lokacin har Malanbil. Har ya koma ga Allah bai daina kiran ƙasar da Dahome ba, duk da tun 1975 aka sauya mata suna. Mutum ne marar yawan magana. Sai ka yi wata guda tare da shi ba ka ji abin da ya wuce farashin kaya da canjin sefa ba.

A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk mutumin yankinmu ya san yadda aka sha. Kasuwa ta yi sanyi, mai ya yi tsada, har kuɗin cajin waya sai da ya tashi, tunda janareta ba ruwa yake sha ba. Baba, wanda dama ƙarfi ya fara ja masa baya, ya koma zaman zaure.

Wani dare cikin Disamba, hunturu ya kankama, muna jin wuta ni da shi kaɗai. Ba tare da na tambaye shi komai ba sai ya ce, "Wagga rufewa ba yau aka fara ta ba." Ya ce ya ga irinta a 1984. Daga nan ya shiga labarin ƙanensa, wanda aka sa mini sunansa, wanda tun tasowata ban taɓa jin Baba ya ambace shi ba. Ni kaina bai taɓa kirana da sunan ba: ina yaro "kai" nake, da na fara koyarwa na zama "Malam". Ya ba ni labarin yadda a waccan rufewar suka ɗauko kaya cikin dare a kwale-kwale a gulbin Kwara, yadda jirgin ya kife, yadda shi ya fita ƙanen bai fita ba. Ya faɗi abin da suka yi musu a kansa kafin su shiga jirgin, da kalmar ƙarshe da ya gaya masa.

Tun a jimla ta uku na zaro waya na buɗe wata manhajar rubutu da nake amfani da ita. Ya dube ni ya ce, "Malam, mi kaka yi?" Na ce, "Rubutawa nake, Baba." Ya yi shiru, sannan ya rage saurin magana don in riƙa cim masa. Kusan awa uku muna haka. Yana faɗa ina bugawa, kalma da kalma, da karin harshensa, har da inda ya tsaya ya yi salati. A duk tsawon lokacin nan ban danna maɓallin ajiyewa ko sau ɗaya ba, don ina tsoron in ɗauke ido ya wuce ni.

Da ya gama, hasken wutar na haska rabin fuskarsa, sai na ji ina son hotonsa a haka. Na buɗe kyamara na ɗauka sau biyu, na leƙa na duba hotunan. Sannan na koma wurin rubutu. Manhajar ta buɗe sabuwa fil, kamar yau na saka ta. Babu komai sai kan labarin da na rubuta tun farkon dare.

A daren na zauna da biro na rubuta abin da na iya tunawa, ya ba ni shafi ɗaya da rabi. Abin da ya faru yana ciki, amma muryarsa babu. Da safe na gaya masa. Ya ce, "To mi ka yi da wanda na ba ka jiya?" Na roƙe shi ya maimaita, ya yi mini a taƙaice cikin minti biyar, a bushe, kamar mai ba da rahoto a gaban hakimi. Bai sake komawa kan maganar ba har Allah ya karɓi ransa a daminar 2021.

Kwana biyu bayan abin na ƙudura sayar da wayar. Sai ga ɗan ƙanwar Inna ya zo hutun ƙarshen shekara, lokacin yana karatun kwamfuta a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Na kwashe labari na gaya masa, ina ta zagin waya. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaya, da ka bar rubutun me ka buɗe?" Na ce kyamara. Ya duba bayanan wayar ya ga ram ɗinta giga 1 ne. Ya ce, "Yaya, rubutunka kashe shi aka yi, kuma da gangan. Taso mu je wurin mai caji in nuna maka."

Ban ga abin da ya haɗa mai caji da maganata ba, amma na bi shi. Kun dai san rumfar mai caji: allon katako cike da soket, wayoyi sun ninka soket ɗin yawa. Duk wayar da aka kawo sai ya manna mata 'yar takarda mai lamba, ya ba mai ita kati mai wannan lambar. Ya san wadda ke kan wuta, da wadda ke jiran layi, da wadda ta cika tana jiran mai ita. In ɗan acaɓa ya zo yana sauri, sai ya zare wata ya sa tasa. Ƙanen nawa ya ce, "Ka ga mutumin nan? Akwai irinsa a cikin wayarka. Shi ake kira babbar manhaja. A wayarka sunanta Android, a kwamfutar ofis Windows."

Abin da ya koya mini a hutun nan, da wanda na bi na karanta daga baya, shi zan ɗan warware muku, domin da na san shi a wancan daren da yanzu hirar Baba na hannuna.

Da farko akwai wuri biyu a cikin waya, mu kuma mun haɗe su muna ce musu memori. Ɗaya ma'adana ce, inda hotuna da waƙoƙi da manhajoji ke kwance ko an kashe waya. Wannan ita ce rumbu. Ɗayan shi ne ram, tabarmar da ake baza hatsi a kanta ana aiki. Tabarma ta fi rumbu saurin kai hannu nesa ba kusa ba, amma ƙarama ce, kuma duk abin da ke kanta ba ya cikin rumbu sai an kwashe an zuba. Danna maɓallin ajiyewa shi ne kwashewar. Awa ukun da na yi ina bugawa, maganar Baba a kan tabarma take.

Manhajar da ke kwance a ma'adana kamar galma ce a rataye, ba ta cin komai. Ranar da ka taɓa ta, aka ɗora ta kan ram ta fara motsi, ta zama abin da masana ke kira aiki mai gudana. Irin waɗannan ayyuka ba manhajojin da kake gani kaɗai ba ne. Akwai mai sauraren kira, mai kula da allo, mai neman sabis, mai jiran saƙo, mai lura da batiri. Da ƙanena ya haɗa wayar da kwamfutarsa ya fito da jerinsu, sai na ga sun haura 100, alhali ni a ganina ba na yin komai da ita.

Kowane aiki yana da shafinsa a littafin babbar manhaja, kamar katin mai caji. A shafin akwai lambarsa, wadda ba wani aiki mai rai da ke da irinta. Akwai lambar aikin da ya haife shi. Akwai halin da yake ciki, da matsayinsa, da ɓangaren tabarmar da aka ba shi, da fayilolin da ya buɗe, da daidai inda ya tsaya a karon da aka dakatar da shi. Na ce wanda ya haife shi, kuma haka masanan suke faɗa, uwa da ɗa. Idan ka kunna waya, aikin farko da ake tayarwa shi ne mai lamba 1, sunansa init, daga gare shi sauran ayyukan da muke hulɗa da su suke yaɗuwa. A Android ma akwai wani aiki na musamman da suka sa wa suna zaigot, wato ƙwayar farko da ɗan tayi ke somawa daga gare ta. Yana zaune a shirye, duk manhajar da ka buɗe sai ya tsaga kansa ya fitar da kwafi, kwafin ya zama manhajar. Da haka ake rage lokacin buɗewa.

Halin da aiki ke ciki kuwa bai wuce 'yan kaɗan ba. Ko dai yana kan furosesa ana yi da shi, ko yana layi a shirye, ko yana barci yana jiran wani abu, kamar ka taɓa allo ko saƙo ya shigo. Mafi yawansu barci suke a mafi yawan lokaci. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin ainihin lissafin, a wayata hannu 4 gare ta, kowane hannu kuma abu ɗaya yake iya riƙewa a lokaci guda. To yaya ake yi kana sauraren karatu, kana rubutu, saƙo kuma yana shigowa? Akwai wani ɓangare na babbar manhaja da aikinsa rabon lokaci. Sai ya ba wannan aiki ɗan mitsitsin lokaci, 'yan kaso kaɗan cikin 1000 na sakan, ya dakatar da shi, ya rubuta inda ya tsaya a shafinsa, ya ɗauko na gaba ya duba inda shi ma ya tsaya, ya ci gaba da shi. Saurin juyin ne ke sa mu ga kamar duk a tare ake yi. Ashe har a cikin inji taura biyu ba ta taunuwa, sai dai a tauna wannan a ajiye, a ɗauki waccan. Kuma kowane juyi yana da kuɗinsa, domin lokacin da aka ɓata wurin rubuta inda aka tsaya da duba na gaba, ba aikin kowa aka yi a cikinsa ba.

Sai maganar mutuwa, wadda ita ta shafe ni. Aiki yakan gama da kansa ya fita. Akan kuma aika masa saƙo, saƙonnin ma lamba gare su. Mai lamba 15 roƙo ne: tattara kayanka ka fita. Aikin na da damar ya ajiye abin da ke hannunsa kafin ya tafi. Mai lamba 9 kuwa ba ya jiran amsa, aikin ba ya iya ƙin sa, ba ya ma sanin ya zo. Idan uwa ta mutu ta bar ɗa yana gudana, sunansa maraya, sai a mayar da shi hannun mai lamba 1 ya riƙe. Idan kuma ɗa ya mutu uwar ba ta zo ta karɓi labarin yadda ya ƙare ba, shafinsa ba ya gogewa. Ya riga ya saki tabarma, ba ya cin lokacin furosesa, amma lambarsa na nan ta tare wuri a littafi. Wannan suke kira zombi, mu ce fatalwa.

Android tana jera manhajoji bisa maki, daga 1000 ƙasa da sifili zuwa 1000 sama da shi, kuma mai maki da yawa shi ne na kusa da wuƙa. Ayyukan da waya ba ta rayuwa sai da su suna can ƙasa da sifili, ba a taɓa su. Manhajar da ke gabanka a kan allo makinta 0. Wadda ba ka ganinta amma kana jin aikinta, kamar mai kunna karatu, tana wajen 200. Wadda ka bari a baya ba ta yin komai takan gangara har 900 zuwa sama. Akwai wani aiki da ke zaune yana kallon tabarma kawai. Da ya ga wuri ya ƙure, sai ya fara daga masu maki mafi yawa yana aika musu lamba 9, ɗaya bayan ɗaya, har wuri ya samu.

Ga abin da ya faru a zauren Baba ke nan. Kyamara na cikin manhajojin da suka fi cin tabarma. Da na buɗe ta, ita ta zama 0, rubutuna ya koma baya. Da na buɗe wurin duba hotuna, ya ƙara nisa. Tabarmar giga 1 ta cika, aka share waɗanda ke baya, har aka zo kansa. Gargaɗi ɗaya tak babbar manhaja ke yi wa manhaja, shi ne a lokacin da ka juya mata baya: an sanar da ita cewa ta bar allo. Manhajar da aka gina da kyau a nan take kwashe abin da ke hannunta ta zuba a rumbu. Tawa ba ta yi ba, jira take in danna.

Na tambayi ƙanena, "To wane marar imani ne ya tsara abu haka?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, da ba a yi haka ba, da wayar gaba ɗaya ce za ta sandare a hannunka." Ya ba ni tarihin abin. A farkon zamanin kwamfuta aiki ɗaya take ɗauka, sai ta gama a ba ta wani, mutane na layi da katunansu. A 1961 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató, da abokan aikinsa suka nuna tsarin da mutane da yawa za su yi amfani da kwamfuta ɗaya ta hanyar rabon lokaci. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a ɗakin binciken Bell, daga can aka gaji wannan tsari na uwa da ɗa da saƙonni masu lamba. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta Linux a kan wannan salo. A kan Linux aka gina Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008. Wato littafin da ke cikin wayar malamin firamare a Sharabi, an fara ja masa layi tun Baba yana saurayi.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na ranar 20 ga Yulin 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 ke sauka a duniyar wata da Neil Armstrong da Buzz Aldrin. Ana cikin sauka kwamfutar kumbon ta fara nuna gargaɗi mai lamba 1202. Wata na'urar hange ce ke ta cinye mata lokaci, aiki ya fi ƙarfinta. Amma masu tsara ta a MIT, cikinsu har da Margaret Hamilton da ta jagoranci sashen manhajar kumbon, sun gina ta ne a kan fifiko. Sai ta watsar da ƙananan ayyuka, ta riƙe na tuƙi da sauka, suka sauka lafiya. Irin hukuncin da ya tsirar da mutum biyu a can, shi ne ya share hirar Baba a nan. Bambancin kawai, su sun zauna tun da wuri sun gaya wa injin abin da ya fi muhimmanci. Ni kuwa da yatsana na gaya wa tawa cewa hoto ne a gaba.

Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma shi ne ya sa na fasa sayar da wayar. Mai manhajar yana da nasa kason na laifi, talaucin da ya sa na sayi mai giga 1 yana da nasa. Amma babbar manhaja ba ta karanta Hausa. Ba ta san wannan maganar dattijo ce da ya riƙe shekara 35 a cikinsa ba. Abin da ta sani shi ne wane ne a gaba, wane ne a baya, kuma ni na jera su. Hotunan nan biyu suna nan har yau. Duhu ya cinye su, in ban gaya maka mutum ne ba sai ka ce tulu ne a gefen wuta.

Tunda yawancinmu a waya muke rubutu, ga abin da na koya, ko wani zai tsira.

Ka gwada manhajarka tun kafin ka ba ta amana. Rubuta layi biyu, kada ka ajiye, ka share ta daga jerin manhajojin da ke buɗe, ka sake buɗewa. In layukan na nan, tana ajiyewa da kanta. In babu, ko ka sauya ta, ko ka mayar da danna ajiyewa kamar saka aya a ƙarshen sakin layi. Kafin ka fita daga rubutu zuwa ko'ina, ko da amsa sallama ce a WhatsApp, ka ajiye.

Idan waya ta tsaya ta nuna maka cewa manhaja ba ta amsawa, tana tambayarka ka jira ko ka rufe, ka sani sakan 5 kawai ta yi ba ta amsa taɓawarka ba aka fito da wannan tambayar. In akwai rubutun da ba ka ajiye ba, ka zaɓi jira. Rufewa kashewa ce.

Manhajojin nan masu hoton tsintsiya da ke cewa za su ƙara wa waya sauri, abin da suke yi shi ne kashe ayyukan baya, aikin da babbar manhaja ta fi su iyawa. Wasu ayyukan da an kashe su suke sake tashi, tashin kuma ya fi zamansu cin batiri. Tabarmar da ba kowa a kanta ba ta amfana wa kowa komai.

In dattijo za ka ɗauka, ka kunna rikoda, ka kuma riƙe biro da takarda. Rikodar da ke aiki tana nuna alama a saman allo tana cikin waɗanda ba a saurin taɓawa, takarda kuwa ba ta da mai kashe ta sai gara da ruwa.

Mai son gani da idonsa, ya shiga saitin wayarsa wurin bayanin waya, ya taɓa inda aka rubuta Build number sau 7. Wani sabon sashe na masu gina manhaja zai bayyana, a ciki akwai Running services, zai ga wasu daga cikin ayyukan da yawan ram ɗin da kowanne ya ci. Ya kalla kawai, kada ya taɓa abin da bai sani ba. A kwamfuta mai Windows kuma a danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito da jerin.

Akwai abu ɗaya kuma da ban zata zan samu daga wannan karatu ba. Bayan rasuwar Baba na zauna na ƙirga labaran da na fara ban gama ba, a waya da cikin littattafan makaranta. Sai na samu 11. Kowanne ina ce wa kaina ina kan rubuta shi. Gaskiyar magana, ba wanda nake rubutawa, tsalle kawai nake daga wannan zuwa wancan, kuma duk komawa sai na ɓata rabin dare ina neman inda na tsaya da abin da na so in ce. Kuɗin juyi nake ta biya, aiki bai motsa ba.

Sai na sayi littafi mai shafi 40 na yi wa kowane labari shafinsa, na ba shi lamba. Na rubuta halin da yake ciki tsakanina da Allah: wannan yana gaba, wannan yana jiran in je Illo in tambayi wani abu, wannan barci yake. A ƙasan kowanne na rubuta daidai inda na tsaya da jimlar da za ta biyo baya, kuma har yau ba na tashi daga rubutu sai na rubuta wannan layin. Guda 6 a cikinsu na gane fatalwa ne. Sun daɗe da mutuwa, ni ne na ƙi zuwa in karɓi labarin mutuwarsu, suna ta tare mini wuri a zuciya suna sa ni jin nauyi. Na karanta kowanne sau ɗaya, na cire abin da zai yi amfani a wani wuri, na ja layi na rubuta an rufe. Masu sakin labari feji-feji a zaurukan karatu sun san irin wannan: labari ya tsaya a feji na 30 shekara biyu, masu karatu na ta tambaya, marubuciya na ta cewa yana nan tafe. Fitowa a ce musu ya mutu ya fi mutunci, ita ma ta huta.

Ba na ce mutum inji ba ne. Akwai labarin da sai ya yi shekaru yana barci sannan ya nuna, kuma ba wanda zai ba shi maki. Amma lokacin da malamin firamare ke samu bayan makaranta da gona da iyali bai fi tabarmar giga 1 ba. In ban zaɓi abin da ke gaba da kaina ba, gajiya da mantuwa za su zaɓar mini, su kuma ba sa tambaya. Daga cikin 5 ɗin da suka rage na gama 2. Lamba 1 a littafin shi ne shafi ɗaya da rabin nan na Baba, kuma shi ne a gaba yanzu.

Inna tana nan da ranta, Alhamdulillahi. Watan jiya na zauna da ita da rikoda a kunne da biro a hannu, na tambaye ta abin da ta sani game da daren da jirgin ya kife. Ta dube ni ta ce, "Shi ya gaya maka?" Na ce, "Ya gaya mini, Inna, ni ne na zubar." Ta yi shiru, sannan ta fara daga safiyar da Baba ya shigo gida shi kaɗai, rigarsa ta bushe a jikinsa, bai yi magana da kowa ba kwana uku. Wannan ɓangaren shi bai ba ni shi ba. Kalmar ƙarshe da ya gaya wa ƙanensa kuwa ita ma ba ta sani ba, ni kuma duk iya ƙoƙarina na kasa tuno ta daidai, kuma na yi alkawari ba zan ƙirƙira masa wata ba.

Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, don Allah kada makon nan ya wuce bai zauna da su ba. Ya tafi da takarda. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.